KIWON ZOMO A GIDA: A GANE NAMIJI DA MACE TUN DA WURI

Jama'a masu karatu, maza da mata, darasinmu na yau a kan kiwon zomo ne. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wannan zomon daji ke nan. Akwai zomon gida, wanda ake ci ba tare da an yi gudu ba. Amma yana da sharaɗi. Sai mai shi ya iya rarrabe namiji da mace tun suna ƙanana. Wanda bai iya ba, zai yi ta ciyarwa ba riba.

Zomon gida ba zomon daji ba ne

Zomon gida asalinsa daga ƙasashen Sipaniya da Fotugal yake. Yana gina rami. Ɗiyansa ana haifarsu tsirara, ba gashi, idanu a rufe. Zomon dajinmu ba ya gina rami, kuma ɗiyansa suna zuwa da gashinsu, idanu a buɗe. Ba su barbara da juna. Saboda haka kada a kamo na daji a ce za a yi iri da shi.

Namansa halal ne. Yana da gina jiki, ba shi da kitse da yawa. Ya dace da yara da tsofaffi da mai jego.

Kowa ya ji labarin farin 1973 da na 1984. Shanu da tumaki sun mutu da yawa a ƙasarmu. Saniya sai ta yi wata 9 kafin ta haifi maraƙi guda. Akuya wata 5. Zomanya kuwa kwana 31 ne, ta haifi ɗiya 5 zuwa 8. Shi ya sa a 1972 gwamnatin Gana ta buɗe gidan kiwon zomo a Kwabenya, kusa da Akara, don a raba wa talakawa iri a lokacin da nama ya yi wuya.

Misalin gida a Bobiyel

Bobiyel unguwa ce a arewacin birnin Yamai. A can ba kowa ke da filin ɗaure saniya ba. Abincin bisashe ma saye ake yi: harawa daga masu amalanke, burgu daga bakin kogi, dusa daga masu injin niƙa, ragowar ganye daga garake. Duk da haka, gindin iccen dogon yaro guda ya isa a jera akurki huɗu: na namiji ɗaya, na mata uku.

To, in an iya a Bobiyel inda ake sayen ciyawa, ina ga ƙauye inda harawa ke bisa rumbu, dusa kuma kullum tana fita daga turmi?

Amma ku lura. Wanda yake sayen harawa da kuɗinsa, kuskure yana yi masa tsada. A ce magidanci ya sayo ƙananan zomaye huɗu, an ce masa uku mata ne. Ya ciyar da su wata uku. Sai ya ga suna faɗa, suna cizon juna, ba ciki. Ashe uku maza ne. Ya yi asarar dusa, ya yi asarar lokaci. Mai sayarwa ma ba lalle ya cuce shi ba, wataƙila shi ma bai iya dubawa ba.

Yadda ake riƙe zomo

Kada a ɗaga zomo da kunne. Kunnensa cike yake da jijiyoyin jini, da shi yake fitar da zafin jiki. A kama fatar kafaɗa da hannu ɗaya, a tallabe gindinsa da ɗaya hannun.

A zauna bisa tabarma kafin a duba shi. Ƙashin bayansa ba shi da ƙarfi. In ya yi shuri ya faɗo daga sama, yana iya karyewa. A yi aikin da safe, da sanyi, inda akwai haske.

Yadda ake dubawa

1. Ka zauna, ka kwantar da zomo rigingine bisa cinyarka, kansa wajen cikinka.
2. Ka sa wutsiyarsa tsakanin yatsu biyu, ka ja ta baya sannu.
3. Za ka ga ƙofa biyu. Ta kusa da wutsiya dubura ce. Ta gabanta ita ce ake dubawa.
4. Ka ɗora babban yatsa gaban wannan ƙofar, ka danna a hankali, har jan naman ciki ya fito.

In namiji ne, abin zai fito kamar ɗan bututu. Bakinsa a kewaye yake, kamar harafin O. Akwai ɗan tazara tsakaninsa da dubura.

In mace ce, za ka ga tsaga doguwa, kamar harafin I. Gabanta ya ɗan tashi, bayanta ya gangara har kusa da dubura.

Ku riƙe wannan: O namiji, I mace. Ga amfanin karatu har a akurkin zomo.

Abubuwan da ke ruɗin mutane

Na ɗaya, gwaiwa. Ba ta bayyana sai zomo ya kai sati 10 zuwa 12. Ko babba ne, in ya tsorata yana iya janye ta cikin ciki. Saboda haka rashin ganin gwaiwa ba shaida ba ce ta mace. A danna a gani.

Na biyu, akwai ƴan aljihu biyu, dama da hagu, masu datti ruwan ƙasa da wari. Namiji yana da su, mace tana da su. Ba su nuna kome.

Na uku, girman kai da wuya. Gaskiya ne babban namiji ya fi faɗin kai, babbar mace kuma takan yi tattarar fata ƙarƙashin haɓa. Amma ga ƙanana wannan ba ya aiki.

Mai koyo ya fara da manya waɗanda aka riga aka sani. Sa'an nan ya ɗauki ƙanana biyu biyu yana gwadawa. In an jera su, bambancin yana fitowa fili.

Yaushe ake dubawa?

Sau biyu. Na fari ranar yaye, suna da sati 6. Na biyu suna da sati 10. Duban na biyu shi ke gyara kuskuren na fari.

Kafin su cika wata 3, a raba su: maza daban, mata daban. Ga dalilai:

Ƙaramar mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 3 zuwa 4. Jikinta bai ƙosa ba. Sai ta tsumbure, ta haifi ɗiya kaɗan, ko ta ƙi shayar da su.

In wa ya hau ƙanwa, aka yi ta yin haka, iri yana lalacewa. Ɗiya suna zuwa ƙanana, masu saurin mutuwa.

Maza in sun balaga faɗa suke yi, har su yage wa juna gwaiwa. A zaɓi mai kyau guda don iri. Sauran a ciyar da su don yanka ko sayarwa.

Namiji ɗaya ya ishi mata 8 zuwa 10. Wanda ya ajiye maza huɗu da mata huɗu, yana ciyar da baki uku a banza. Kowace shekara a yi musanyar namiji da wani mai kiwo, don kada uba ya hau ɗiyarsa.

Barbara da haihuwa

A bari mace ta kai wata 5 zuwa 6, namiji wata 6. Mace ake kaiwa akurkin namiji. In an kai namiji wajenta, za ta yi faɗa da shi don kare ɗakinta. A tsaya a gani. In ya hau ta, ya faɗi gefe guda, an gama. A maida ta akurkinta nan take. In ta ƙi, a sake gwadawa bayan kwana biyu.

A rubuta ranar a takarda, a liƙa jikin akurki. Daga wannan rana:

Kwana 28: a sa mata akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa. Tsawonsa santimita 45, faɗi 30, tsayi 30.
Kwana 31: haihuwa. Za ta fige gashin cikinta ta yi wa ɗiya shimfiɗa.
Kwana 10 da haihuwa: idanunsu suna buɗewa.
Sati 3: suna fita, suna taɓa ganye.
Sati 6: yaye.

Uwar sau ɗaya take shayarwa a yini, na ƴan mintoci. Kada a ce ta yashe su. A duba cikinsu da safe. In ya cika, lafiya lau.

Kada a bar namiji tare da mai jego. Zomanya tana iya ɗaukar wani ciki washegarin haihuwa. Hakan yana cinye ta.

Akurki da zafi

Zomo ba ya gumi kamar mutum. In zafi ya wuce digiri 30, yana rage cin abinci. In ya wuce 35, yana iya mutuwa. A Yamai kuwa, cikin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. Zafi mai yawa yana kuma rage wa namiji ƙarfin haihuwa na tsawon makonni. Saboda haka a dakatar da barbara da bazara.

A ajiye akurki a inuwa, inda iska ke ratsawa. Rufin zana ko na ciyawa ya fi na kwano. In kwano ne, a shimfiɗa kara bisansa. Da tsakar rana a jiƙa buhu a rataya a gefen da iska ke shigowa.

Akurkin mace guda: tsawo mita 1, faɗi santimita 60, tsayi 50. A ɗaga shi daga ƙasa kamar santimita 80. Ƙasansa ya zama ragar waya mai ƙananan idanu, don kashi ya zube. A sa ƙafafun akurki cikin gwangwani mai ruwa saboda tururuwa. A yi ƙofa mai ƙarfi saboda kyanwa da kare da kusu. Kashin da ya zube taki ne mai kyau ga garka.

Cimaka

Da safe a ba su dusa da ɗan gishiri, da garin ƙuli-ƙuli kaɗan in akwai. Da marece a cika musu harawar wake ko ta gyaɗa, don zomo ya fi ci da dare. A ƙara da ganyen zogale, ganyen dankali, ganyen karas da ɗanyar ciyawa. Ɗanyen ganye a bar shi ya sha iska a inuwa tukuna. Sabon abinci a fara da kaɗan kaɗan.

Kada a ba su tumfafiya, zurma, zaƙami, ganyen tumatir, ko ganyen da aka yi wa feshin magani. Kada a ba su dusar da ta yi fumfuna.

Wasu suna cewa zomo ba ya shan ruwa. Ba haka ba ne. Yana sha, mai shayarwa ma ta fi sha. A sa ruwa mai tsabta dare da rana, cikin kasko mai nauyi wanda ba ya kifewa.

Cututtuka

Zawo shi ya fi kashe ƙanana bayan yaye. Ƙazanta ce ke kawo shi. A share akurki kullum, a wanke kasko.

Ƙazuwa tana kama kunne da hanci da ƙafa. A ware mai ita, a nemi likitan bisashe.

Akwai wata mugunyar cuta mai kisa farat ɗaya, wani lokaci da jini a hanci. An fara ganinta a ƙasar Sin a 1984, ta kuma ɓulla a Nijeriya a 2020. Ba ta da magani, sai allurar rigakafi. In zomaye suna mutuwa haka, a binne su da zurfi, a sanar da ma'aikatan kiwo. Duk sabon zomo a ware shi sati 2 ko fiye kafin a kai shi kusa da na gida.

Lissafi

Ciki kwana 31, shayarwa kwana 42. 31 + 42 = 73. Haihuwa huɗu: 73 x 4 = 292. Shekara kwana 365 ce. 365 − 292 = 73. Waɗannan su ne kwanakin hutun bazara.

A ce kowace haihuwa ɗiya 5 suka rayu. Mace ɗaya: 5 x 4 = 20. Mata uku: 20 x 3 = 60. Shekara sati 52 ce. Ke nan iyali za su ci zomo guda kowane sati, 8 su yi saura. Zomo mai kilo 2 yana ba da nama kamar kilo 1. Sabon shiga ya sa ran haihuwa uku tukuna.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Wane harafi ne alamar namiji, wane ne alamar mace?
2. Don me rashin ganin gwaiwa ba shaida ba ce?
3. Wata nawa ne ake raba maza da mata kafin su cika shi?
4. Magidancin da ya sami mace ɗaya maimakon uku, zomo nawa ya rasa a shekara?
5. An yi barbara ran 3 ga Oktoba. Wace rana za a sa akwati?

Malamai, in akwai mai zomo a garinku, ku roƙe shi ya kawo babban namiji da babbar mace aji. Kowane ɗalibi ya riƙe, ya danna, ya gani da idonsa, ya rubuta O ko I bisa allo. Duk wanda zai sayi zomo, ya duba da hannunsa kafin ya biya kuɗi. Wanda ya gwada, ya rubuto mana yadda ta kasance, domin sauran cibiyoyi su ƙaru.