Tayar da Katin Waifai a Manhajar Linux: Darasi ga Mai Binciken Fage a Daura

1.0 Gabatarwa
Manazarcin da ya naɗi hirarraki kan tarihin Bayajida a Kusugu yana buƙatar adana su a intanet kafin ya bar Daura, domin lalacewar kwamfuta na iya salwantar da aikin. Sai dai kwamfutar da aka ɗora wa Linux takan ƙi ganin waifai.

2.0 Musabbabi
Katin waifai ya dogara ne kan direban da ke cikin Linux da kuma ƙaramar manhajar da kamfanin katin ya rubuta. Kamfanoni irin su Intel da Realtek ba su bayyana sirrin wannan manhaja ba, shi ya sa Debian ba ta haɗa ta cikin faifanta na hukuma ba sai a fitowa ta 12, a 2023.

3.0 Matakai
A rubuta lspci domin gano sunan katin, sannan rfkill list domin duba ko a toshe yake. Daga nan a jona wayar hannu da kebul, a ari intanet ɗinta, a sauke firmware-iwlwifi ko firmware-realtek, a sake kunna kwamfutar.

4.0 Kammalawa
Wajibi ne a gwada katin tun kafin fita fage.