Darasi na 31: Na kusa da na nesa

Kowace safiya, tun kafin rana ta fito, hanyoyin shiga gari sukan cika da mutane. Wasu a ƙasa, wasu bisa keke, wasu bisa babur, wasu kuma cikin amalanken jaki. Dukansu tsakiyar gari suka nufa, domin a can kasuwa take, da asibiti, da tasha, da manyan makarantu. Amma ba daga wuri ɗaya suka taso ba. Wani daga bayan kasuwa ya fito, taku kaɗan ya yi. Wani kuwa tun asuba yake tafiya. Hausawa na cewa: kana sammako, wani a tafe ya kwana.

Wannan darasi zai duba zaman na kusa da na nesa a garuruwa uku na arewacin ƙasar Gana, inda Hausawa suka daɗe da zama.

1. Garuruwan uku

Salaga tana ƙasar Gwanja, wajen kilomita 120 kudu maso gabas da birnin Tamale. Yendi tana ƙasar Dagomba, kusan kilomita 100 gabas da Tamale. A nan ne fadar Ya Na, babban sarkin Dagomba, take. Bawku kuwa tana can ƙuryar arewa maso gabas, dab da iyakar Burkina Faso da ta Togo.

Kowane gari daga cikinsu yana da harshensa. Amma a kasuwa da tasha da masallaci ana jin Hausa ƙwarai. A kowanensu akwai unguwar baƙi da ake kira zango.

2. Salaga a zamanin fatake

Shekaru 200 da suka wuce, Salaga tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Fatake sukan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato cikin ayari, madugu yana gaba. Sukan yi wata biyu ko uku a hanya, yawancinsu su bi ta Yendi. Sukan kai kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su sayo goro. Har bayi an sayar a wannan kasuwa, kuma wannan baƙin tarihi ne da ba a mantawa da shi.

Sarkin ƙasar ba a cikin Salaga yake zaune ba. Fadarsa tana Kpembe, kamar kilomita 3 daga garin. Duk mai ƙara ko mai gaisuwa sai ya taka zuwa can, ya komo. Attajirai da malamai da masu masaukin baƙi su ne ke zaune kusa da kasuwa. Abinci da itacen wuta kuwa daga ƙauyukan kewaye ake kawo su a ka, kuma da yawa daga cikin masu ɗaukowar bayi ne. Ruwa ma yana wuya da rani, shi ya sa aka gina rijiyoyi masu yawa, har ake ce wa Salaga garin rijiya dubu. Wani Bafaranshe matafiyi mai suna Binger ya sauka garin a shekarar 1888, ya rubuta labarin kasuwar cikin littafinsa.

A shekarar 1892 yaƙin sarauta ya ɓarke, Salaga ta watse. Ƴan kasuwa suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da wasu garuruwa, suka kafa sababbin zanguna. Asalin zango wurin saukar ayari ne a gefen gari. Da garuruwa suka girma, sai suka haɗiye zangunan. Shi ya sa a yau zango da yawa suna tsakiyar gari, kusa da kasuwa. Unguwar da ke nesa jiya, yau ita ce ta kusa.

3. Yara biyu a Yendi

Ga misalin yara biyu ƴan aji ɗaya a wata makaranta ta cikin Yendi.

Yaron farko a zango yake, kilomita 1 daga makaranta. Yakan tashi ya yi salla, ya je makarantar allo, ya sha koko, sannan ya ɗauki jakarsa. Cikin minti 15 ya isa. In ya manta littafi, sai ya ruga gida ya ɗauko. Amma gidansu na haya ne. Iyali biyar ke zaune a ciki, kowa da ɗakinsa ɗaya ko biyu. Da safe sai an yi layi a ƙofar banɗaki. Da dare ga ƙarar babura, ga ta injin niƙa. Ba su da gona kusa, ko albasa ɗaya sai sun saya.

Ta biyun yarinya ce. Gidansu yana bayan gari, kilomita 6 daga makaranta. Babanta ya sami fili a wurin sarkin yankin, ya gina gida mai faɗi. Suna da gonar doya da masara, da awaki da zabi, ga itatuwan kaɗanya kewaye da su. Ba mai tambayar su kuɗin haya. Amma ita tun assalatu take tashi. Sai ta ɗebo ruwa, ta share tsakar gida, sannan ta kama hanya. Awa ɗaya da rabi take yi kafin ta isa. Da hunturu ga sanyi da hazo, da damina ga taɓo. Wata rana rafi ya cika ya tare hanya, sai ta jira ruwa ya janye.

Ranar nan ta iso an riga an shiga aji, ƙafafunta duk laka. Yara suka fashe da dariya. Malam ya ɗaga hannu, suka yi tsit. Ya ce mata: «Ƴata, ƙarfe nawa kika baro gida?»

Ta durƙusa ta ce: «Allah gafarta Malam, tun ƙarfe 6 na fito.»

Malam ya juya wurin yaron zango, ya ce: «Kai fa?»

Ya ce: «Ƙarfe 8 saura kwata, Malam.»

Malam ya ce: «To, a cikinku wa ya riga wani fitowa?»

Ba wanda ya sake dariya. Tun daga ranar, in ta makara, yaron yakan ara mata littafinsa ta kwafi abin da ya wuce ta. Ita kuma da kaka takan kawo masa gyaɗa da ɗanyar masara daga gonarsu.

Saboda irin waɗannan yara ne abincin makaranta yake da amfani. A shekarar 2005 gwamnatin Gana ta fara shirin ciyar da yara a makarantun firamare na gwamnati. Wanda ba ya iya komawa gida da rana, in ya sami abinci a makaranta, ya fi zama ya saurari darasi.

4. Ranar kasuwar Bawku

Kasuwar Bawku tana ci duk kwana uku. Ana kawo albasa da gero da dawa da gyaɗa, da shanu da tumaki da zabi. Masu saye sukan zo daga Pusiga da Garu da Binduri da Zebilla, har daga Burkina Faso da Togo.

Manoman wannan yanki, musamman Kusasawa, ba sa cunkushe gidajensu wuri ɗaya. Kowane gida yana tsakiyar gonarsa, da rata tsakaninsa da na maƙwabci. Saboda haka mutane da yawa suna nesa da babbar hanya. Mace mai kwandon tumatir sai ta fara takawa zuwa bakin titi, sannan ta jira abin hawa. In ta iso da sassafe, ta sami wuri mai kyau da masu saye da yawa. In ta makara, rana ta bugi kayanta, dole ta karya farashi. Ita kuwa mai rumfa da ke zaune cikin gari ba ta biyan kuɗin mota. Sau da yawa ma ita ce ke saye a hannun ta nesa da araha, ta sayar da riba.

Bawku ta sha fama da rikicin sarauta tsakanin Kusasawa da Mamprusawa. A ƙarshen shekarar 2021 hukuma ta sa dokar hana fita da dare. A shekarar 2022 kuma aka hana hawan babur a garin don tsaro. Kowa ya wahala, amma wahalar ba iri ɗaya ba ce. Na cikin gari suna kusa da inda ake tashin hankali. Na nesa kuwa hanya ta ƙara yi musu tsawo: wanda yake isowa cikin minti 20 bisa babur ya koma yin awa biyu ko fiye a ƙasa, kuma dole ya bar kasuwa da wuri don kada dokar ta rutsa da shi a hanya. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da marasa lafiya duk sun ji a jikinsu. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

5. Da me ake auna nisa?

A taswira, da kilomita ake auna nisa. Amma matafiyi da lokaci da kuɗi yake aunawa. Yaro mai tafiya a ƙasa yakan ci kamar kilomita 4 a awa ɗaya. Mai keke yakan ci kamar kilomita 12. Babur ya fi su sauri nesa ba kusa ba, sai dai yana shan mai, kuma haɗarinsa ya fi yawa. Shi ya sa ake son mai babur da wanda ya goya su sa hular kwano.

Akwai kuma keke mai ƙafa uku, wanda ake ce wa adaidaita a Kano da Maraɗi. A arewacin Gana ana kiransa yalo-yalo, saboda launinsa rawaya ne. Wani irinsa mai buɗaɗɗen baya shi ke ɗaukar buhuna da doya da dabbobi. Motar haya da ke jigila tsakanin garuruwa kuwa sunanta trotro, kuma ba ta tashi sai ta cika.

Abubuwa uku ke sa hanya ɗaya ta yi tsawo ko ta gajarta: irin abin hawa, da lokacin shekara, da zaman lafiya. Kilomita 6 bisa kwalta da rani ba ɗaya suke da kilomita 6 cikin taɓon watan Agusta ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

6. Abin riƙewa

Kowa yana biyan kuɗin wurin zamansa. Na kusa yana biya da kuɗin haya da cunkoso da hayaniya. Na nesa yana biya da lokacinsa da ƙarfinsa da kuɗin mota. Gari kuma yana bukatar su duka: in na nesa bai kawo doya da gero da itace ba, tukunyar na kusa ba za ta hau wuta ba. In an gyara hanya, aka gina makaranta da ƙaramin asibiti da rijiyar burtsatse a unguwannin bayan gari, nesa ta zo kusa.

Kalmomi: Hausa da Faransanci

unguwa : le quartier
tsakiyar gari : le centre-ville
bayan gari : la banlieue
ayari : la caravane
amalanke : la charrette
kuɗin haya : le loyer
nisa : la distance
makara : le retard
dokar hana fita : le couvre-feu

Tambayoyi

1. A wace ƙasa Salaga da Yendi da Bawku suke?
2. Me fatake suke kaiwa Salaga, me kuma suke sayowa?
3. Mene ne asalin zango? Don me zango da yawa suke tsakiyar gari a yau?
4. Ku faɗi daɗi biyu da wahala biyu na zama kusa da kasuwa.
5. Me ya sa yara suka daina yi wa yarinyar dariya?
6. Yaya hana hawan babur ya shafi mutanen nesa a Bawku?

Lissafi

1. Yarinyar tana yin awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi komowa. Awa nawa take yi a hanya cikin kwana 5?
2. Yaron zango yana yin minti 15 zuwa, minti 15 komowa. Da awa nawa ta fi shi tafiya cikin kwana 5?
3. In aka saya mata keke mai cin kilomita 12 a awa ɗaya, minti nawa za ta yi daga gida zuwa makaranta?
4. Kuɗin Gana sunansa sidi. A ce mai tumatir ta biya sidi 10 zuwa, sidi 10 komowa, ta kuma je kasuwa sau 10 a wata. Nawa ta kashe a hanya?

Aikin yi

1. Ku nemi garuruwan uku bisa taswirar Afirka ta Yamma.
2. Kowa ya ƙirga mintin da yake yi daga gida zuwa makaranta. A rubuta su a allo, daga ƙarami zuwa babba.
3. Ku tambayi wani dattijo a unguwarku inda iyakar gari take lokacin da yake yaro. Ku rubuta amsarsa cikin jimla biyar.