Yadda Fure Ke Zama Iri: Darasi Daga Albasa

A fadamun gulbin Rima, daga Goronyo da Wurno har zuwa Kware, albasa ita ce dukiyar manoman rani. Amma sau da yawa manomi kan dasa kan albasa don ya sami iri, fure ya fito fari fat, ranar sussuka kuma ya tarar yawancinsa ƙaiƙayi ne. Ga dalili.

Cunkus ɗin nan da ke bisa karan albasa tarin ƙananan furanni ne, sukan kai ɗaruruwa. A cikin ko wane ɗaya akwai zarurruka shida, su ne ɓangaren namiji, masu fid da gari mai laushi irin bununin gero. A tsakiya kuwa akwai tsinke guda, watau ɓangaren mace, wanda gindinsa ke da ɗakuna uku. Idan garin ya sauka a kan tsinken, sai ya tsiro ya gangara ciki ya haɗu da ƙwayayen da ke ɗakunan. Daga nan ne ƙwayoyin iri baƙaƙe ke samuwa, har shida a fure guda.

Shi gero iska ke ɗaukar masa bununi. Garin albasa kuwa yana da danƙo, iska ba ta tashi da shi. Har wa yau fure kan zubar da garinsa tun tsinkensa bai nuna ba, saboda haka dole a kawo masa na wani. Masu wannan aiki su ne ƙudan zuma da sauran ƙudaje, waɗanda ke zuwa shan ruwan zaƙi, gari ya manne musu, su kai gaba. Inda babu su, babu iri.

Don haka ana roƙon hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwanni da abu uku. Kada a yi feshin maganin ƙwari sa'ad da fure ya buɗe. In ya zama tilas, a bari sai almuru. A rataya amya kusa da fadama, a kuma hana ƙone zuma wajen ɗiba. A nisanta gonar irin jar albasa daga ta fara, don kada iri ya gauraya.

Magatakarda kuma su sanar da malaman makarantun firamare, su kai yara fadama lokacin sanyi su gani da idonsu, domin gani ya kori ji.