GURASA BIYAR A HANNUN YARO: DARASI A KAN YARANMU DA MARASA MATSUGUNI

Karatu: Yohanna 6:1-13, Matiyu 2:13-15, Matiyu 25:31-46



Wanda duk ya yi sammako zuwa Misa a Gusau cikin hunturu ya san abin da ido ke gani: mata da yara kwance a kangaye da bakin shaguna, sun dunƙule cikin zane ɗaya. Haka abin yake a Tsafe, a kan hanyar Funtuwa, da Bungudu, a kan hanyar Sakkwato. Yawancinsu ba mabarata ba ne tun asali. Manoma ne masu rumbu da dabbobi, waɗanda hare-haren 'yan bindiga, da suka addabi Jihar Zamfara tun wajen 2011, suka raba da ƙauyukansu. Jiya su ke ba da sadaka, yau su ke miƙa hannu.

Yaranmu suna wucewa ta gabansu kullum, suna kuma kallon abin da mu manya muke yi. In yaro ya ji uwarsa ta ce "Allah ya ba da haƙuri" ta ja ƙofa, ya ɗauki darasi ke nan, ko da ba mu yi niyyar koya masa ba. Tambayar wannan darasi ita ce: wace irin zuciya muke gina wa 'ya'yanmu?

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA KOYA MANA

Masu Bishara huɗu duka sun ba da labarin ciyar da mutum dubu biyar, amma Yohanna kaɗai ya ambaci yaron. Filibus ya yi lissafi, ya ga ko dinari 200 ba za su isa ba. Andarawus ya nuna yaro mai gurasar sha'ir biyar da kifi biyu, shi ma yana shakkar amfaninsu. Sha'ir kuwa abincin talaka ne. Manya sun tsaya lissafi, yaro ya saki guzurinsa. Da wannan ɗan kaɗan Ubangiji ya ƙosar da taron, har aka tattara ragowa kwando 12.

Mu lura: Yesu bai sallami yaron don ƙanƙantarsa ba, bai kuma nemi abin da yaron ba shi da shi ba. Abin da ke hannunsa ya karɓa.

Mu tuna kuma cewa Ubangijinmu kansa ɗan gudun hijira ne tun yana jariri. Yusufu ya tashi da dare ya gudu da shi da Maryamu zuwa Masar saboda takobin Hirudus. A Matiyu 25, Sarki ya ɗauki abin da aka yi wa mayunwaci, da baƙo, da mara sutura a matsayin abin da aka yi masa shi kansa. Ba a ce an tambayi addinin mayunwacin ko ƙabilarsa ba.

ABIN DA IKKILISIYA TA GADA

Hidimar yara ba sabon abu ba ce. A 1843, Bishop Charles de Forbin-Janson na Nancy a Faransa ya kafa ƙungiyar da muka sani da suna Holy Childhood, domin yara su taimaki yara. Abu biyu ya roƙi kowane yaro: addu'ar "A gaishe ki Maryamu" sau ɗaya kowace rana, da ɗan kwabo kowane wata. A 1922 Paparoma Pius na 11 ya mai da ita ƙungiyar Paparoma. Da yayyafi kogi kan cika.

A zamaninmu akwai Carlo Acutis, saurayi daga Milan a Italiya, wanda ya rasu a 2006 yana da shekara 15. Da kuɗin da iyayensa ke ba shi yakan sayi abin shimfiɗa wa masu kwana a titi, ya kai musu abinci. A ranar 7 ga Satumba 2025 Paparoma Leo na 14 ya ayyana shi waliyyi. Tsarki ba ya jiran furfura.

TSORON IYAYE

Na san abin da ke zukatan iyaye. Wani zai ce gari ba lafiya, yaya zan saki ɗana? Wata za ta ce mu ma tiyar masara ta gagare mu. Wani kuma zai ce waɗannan mutane Musulmi ne, kada a zarge mu da sayen addini da abinci. Duk maganganun nan suna da nauyi, ba kuwa za mu rena su ba. Amma tsoro dalili ne na yin aiki da hikima, ba na naɗe hannu ba. Ga hanyar da nake ba kowace ikkilisiya shawara ta bi:

1. Kowace Lahadi yaro ya kawo abin da zai iya: tafin gero, sabulu ɗaya, rigar da ta yi masa kaɗan amma wankakkiya. Zai fi kyau ya rage daga nasa, ba ya karɓo a hannun uba kawai ba.

2. Kada yaro ya fita shi kaɗai. Katikis da iyaye mata na Zumuntar Mata Katolika su raka su, da rana, a cikin gari. Ba za a kai yara ƙauye ko kan hanya ba.

3. A fara gaida mai unguwa da limamin wurin, a bi ta hannunsu. Su suka san wanda ya fi bukata, hakan kuma zai kawar da zargi.

4. Ba sharaɗi a kan kyauta. Ba wa'azi kafin a ba da hatsi, ba kuma ɗaukar hoto. Wanda ya rasa gida bai rasa mutunci ba.

5. Yaro ya durƙusa ya gai da tsoho da "Baba", tsohuwa da "Inna", ya tambayi sunan tsaransa, ya riƙe sunan cikin addu'arsa ta dare.

Wannan na ƙarshe shi ne aikin da yara suka fi mu iyawa. Babba yakan ajiye buhu ya juya. Yaro kuwa zai zauna a ƙasa ya yi wasa da yaro ɗan'uwansa, wanda watakila ya yi watanni ba wanda ya kira shi da sunansa sai "kai, tashi nan". Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da suka ci gyaɗa tare yau, da wuya su ɗauki makami a kan juna gobe.

Marigayi Paparoma Francis ya keɓe Lahadi ta 33 ta shekarar Ikkilisiya, cikin Nuwamba, ta zama Ranar Matalauta ta Duniya, aka fara kiyaye ta a 2017. A wurinmu ranar tana zuwa daidai bakin hunturu. Bari kowace ikkilisiya ta sa ta a gaba: kafin ranar, barguna da rigunan sanyi su kasance a hannun yaranmu.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me ɗana ya ji na faɗa wa mabukaci na ƙarshe da ya zo ƙofata?
2. Mene ne gurasa biyar ɗin gidanmu?
3. Su wa za su raka yara daga ikkilisiyarmu, kuma yaushe za a fara?

ADDU'A

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka ɗanɗana baƙunci tun kana goye, ka karɓi ɗan abin da ke hannun yaranmu, ka sa masa albarka. Ka mai da waɗanda aka kora gidajensu lafiya, ka ba ƙasarmu salama. Amin.