Darasin Mako: Me Dattijo Zai Yi da Turanci?

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, in aka ce yaƙi da jahilci, karatun Hausa ne ke fara zuwa mana a rai. Da shi aka fara kuwa. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe azuzuwan manya a birane da ƙauyuka, hukumar NORLA ta Zariya tana buga musu littattafai. Jihar Kano ta kafa tata hukumar ilimin manya a 1980, gwamnatin tarayya ta kafa ta ƙasa a 1990. Mu ma mun yarda a fara da harshen gida, don mutum ya fi saurin haɗa baƙi da wasali a harshen da ya tashi da shi.

Amma fa kada a tsaya nan. Takardun da ke juya rayuwar iyayenmu yawanci da Turanci suke zuwa: fom ɗin banki, katin asibiti, sammacin kotu, takardar cinikin fili. Wanda bai iya karanta su ba, dole ya nemi mai karanta masa, wato ya miƙa sirrinsa ga wani.

A nan ne maganar tsaro ta shigo. Mun saba ɗaukar tsaro a matsayin aikin soja da 'yan sanda kawai. To, ɗan damfarar da ya kira Baba ya ce daga banki yake, a karanto masa lambobin da suka shigo waya yanzu fa? Sau da yawa saƙon da ya kawo lambobin yana ɗauke da gargaɗin kada a faɗa wa kowa, sai dai da Turanci aka rubuta. Haka mutumin da ya dangwala yatsa a kan bayanin da aka rubuta da sunansa a caji ofis, bai san abin da ya amsa ba. Haka manomin da ya sayi maganin feshi, bai karanta awon da ke jikin kwalbar ba, ya ninka shi, ya ƙone wake. Ba mu ce Turanci zai kori ɓarayin daji ba, wannan wata magana ce daban. Amma yana rage masu cin amanar talaka ta hanyar takarda.

Kuma ba Turancin jarrabawar WAEC muke nufi ba. Mai shekara hamsin ba ya bukatar rubuta insha'i. Kalmomin da yake karo da su kullum sun ishe shi farawa, kuma mu da ke aji uku zuwa shida za mu iya koyar da su a gida bayan sallar isha'i, cikin ladabi, ba da dariya ba.

Ga na wannan makon: "credit" kuɗi sun shigo, "debit" kuɗi sun fita, "poison" guba, "EXP" kuwa ranar da magani ke daina aiki.