DARASIN WATA: HARAJIN ƊAN KASUWA DA YADDA AKE RAGE SHI BISA DOKA

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, kasuwanci yake ta bunƙasa a Birnin Kebbi da Argungu. Fadamar Gulbin Rima tana ba da shinkafa da kifi da albasa. A 2017 kuma aka buɗe babban kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu. Mutane da yawa sun shiga saye da sayarwa. Duk wanda yake cin riba, wata rana maganar haraji za ta iso ƙofarsa. Wannan darasi zai nuna abin da doka ta ce, da hanyar rage haraji ba tare da ha'inci ba, da kuma wanda ya kamata a nema idan rigima ta tashi.

Wane ne yake karɓar me?

A zamanin En'e, dagaci da mai unguwa ne suke tara haraji da jangali. Yanzu aikin ya kasu uku.

Ƙaramar hukuma tana karɓar kuɗin rumfar kasuwa, da na shago, da na tasha, da na mahauta. Ita ce kuma take ba da lasin keke da amalanke da baro da kwale-kwale. Tsarin mulki na 1999 ne ya ba ta wannan aiki.

Gwamnatin jiha tana karɓar harajin abin da mutum ya samu a shekara. A nan, Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Kebbi ce take wannan aiki. Hedikwatarta tana Birnin Kebbi.

Gwamnatin tarayya ita take karɓar harajin kamfanoni masu rajista.

Duk wanda ya karɓi kuɗi da sunan haraji, sai ya ba da rasit na hukuma. A duba sunan hukuma, da kwanan wata, da adadin kuɗin. In babu rasit, kamar ba a biya ba ne.

Sabuwar doka

A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji. Sun fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Dokar ta ce naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Abin da ya hau kan wannan, har zuwa naira miliyan 3, ana biyan naira 15 a cikin kowace naira 100. In samu ya wuce haka, kason yana ƙaruwa.

A lura da kyau. A kan riba ake yanka haraji, ba a kan duk kuɗin ciniki ba. Riba ita ce abin da ya rage bayan an cire uwar kuɗi da ɗawainiyar sana'a.

Misali

Ga wani mai sayar da shinkafa a kasuwar Argungu. A shekara ya yi cinikin naira 6,000,000. Ga abin da ya kashe:

Sayen shanshera, naira 4,000,000
Kuɗin inji, naira 300,000
Kuɗin mota da dako, naira 250,000
Ladan yaron shago, naira 200,000
Hayar shago, naira 150,000
Buhuna, naira 100,000

Jimla naira 5,000,000. Ribarsa ke nan naira 1,000,000. A cire naira 800,000 da doka ta yafe, saura naira 200,000. Harajinsa naira 30,000 ne.

To, a ce bai rubuta komai ba, kuma bai ajiye rasit ba. Ma'aikacin haraji zai yi ƙiyasi ne kawai. In ya ƙiyasta ribarsa naira 2,000,000, za a yanka masa naira 180,000. Rashin littafi ya ci masa naira 150,000. Ga amfanin shiga ajin yaƙi da jahilci nan a fili.

Hanyoyin rage haraji

Na ɗaya, a sayi littafi. Kowace rana a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita.

Na biyu, a ajiye rasit na kaya, da na haya, da na mota. A sa su cikin leda ko gwangwani saboda ruwa da gara.

Na uku, a raba kuɗin sana'a da kuɗin cefane. Kuɗin biki da suna da ɗinkin Salla ba ɗawainiyar sana'a ba ne. Hukuma ba za ta cire su ba.

Na huɗu, mai zaman gidan haya yana da rangwame. Ana cire masa kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. In mai shinkafar nan yana biyan hayar gida naira 200,000, za a cire naira 40,000 daga ribarsa. Harajinsa ya koma naira 24,000.

Na biyar, abin da mutum yake zubawa a asusun fansho da inshorar lafiya ta ƙasa, shi ma ana cire shi kafin a yi lissafi.

Na shida, mai hannun jari a kamfani ya sani ana cire kashi 10 cikin 100 na ribar jarinsa tun kafin ta iso hannunsa. Ya ajiye takardar da ta nuna haka, don kada a sake karɓa.

Na bakwai, a kai bayanin samu na bara kafin ƙarshen watan Maris. Jinkiri yana jawo tara.

Ɓoye ciniki ko yin rasit na ƙarya ba dabara ba ce. Laifi ne, kuma yana iya kai mutum kotu.

Yaushe ake neman lauya?

Mai ɗan tebur a kasuwa ba ya bukatar lauya. Littafinsa da ofishin haraji sun ishe shi. Amma ana neman masani idan an aiko da takardar haraji mai yawan da ya wuce ƙima, ko an yi barazanar rufe shago, ko ana son yi wa sana'a rajistar kamfani.

Akanta yana daidaita lissafi. Lauya yana rubuta ƙorafi, yana kuma tsaya wa mutum a gaban shari'a. Ba kowane lauya ne ya ƙware a haraji ba. Sai a tambaye shi ko ya taɓa yin irin wannan aiki. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, wato NBA, tana da reshe a Birnin Kebbi. Lauya na gaskiya yana manna hatimin ƙungiyar mai ɗauke da sunansa a kan takardun da ya rubuta. Akwai kuma cibiyar masana haraji ta ƙasa, CITN, wadda doka ta amince da ita tun 1992. Mambobinta suna da takardar shaida, kuma ba laifi a ce a nuna ta.

A yi cinikin lada tun da fari, a rubuta. In ladan lauya ya fi harajin da ake jayayya a kai, ba a yi riba ba. 'Yan kasuwa masu matsala iri ɗaya suna iya haɗa kuɗi ta ƙungiyarsu su ɗauki lauya guda. A guji ɗan kamasho mai cewa a ba shi kuɗi ya shafe sunan mutum a ofis.

Abu mafi muhimmanci shi ne lokaci. Wanda bai yarda da abin da aka yanka masa ba yana da kwana 30 daga ranar da takarda ta shiga hannunsa. Cikin kwanakin nan zai kai ƙorafi a rubuce, ya faɗi dalilinsa, ya ajiye kwafi. In ya yi shiru har lokaci ya wuce, kuɗin sun zama bashi a kansa. In hukuma ta ƙi ƙorafin, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji. Ta shiyyar Arewa maso Yamma tana zama a Kaduna.

Saboda haka kada a jefa takardar haraji ƙarƙashin tabarma. Wanda bai gane ta ba ya kai wa malamin aji ko wani amintacce ya karanta masa a ranar. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi

1. Wace hukuma ce take ba da lasin kwale-kwale?
2. A kan me ake yanka haraji, ciniki ko riba?
3. Mai sayar da kifi ya ci ribar naira 900,000 a shekara. Nawa ne harajinsa?
4. Kwana nawa mutum yake da shi don kai ƙorafi?

Aikin gida: kowane ɗalibi ya ja layi biyu a littafinsa, ɗaya na shiga, ɗaya na fita. Ya rubuta cinikinsa na mako guda, ya kawo aji.