Gayyar Ma'aikata: Haɗa Kai a Wurin Aiki Ta Hanyar Hidimar Naƙasassu

An rubuta wannan takarda domin ma'aikatan ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, tun daga malaman firamare da ma'aikatan ɗakin shan magani na Wurma, har zuwa na sakatariyar ƙaramar hukuma, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma wadda aka kafa a 2011. Manufarta ita ce ta nuna hanya guda da za ta gyara zama tsakanin abokan aiki, ta kuma amfani makafi da guragu da kurame da ke tare da mu.

Ciwon da ke cin ma'aikata

Sau da yawa mutane kan shekara suna sa hannu a rajista ɗaya, amma ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa su. Babba na ofishinsa, masinja na kan benci, kowane sashe na zargin ɗan'uwansa. Wasu shugabanni kan nemi magani da walima ko taron bita a otal. A ci, a sha, a karɓi kuɗin zama, ranar Litinin kowa ya koma gidan jiya. Dalili kuwa, zumuncin da ba a yi gumi a kansa ba bai cika yin ƙarko ba.

Magabatanmu sun riga mu gano haka. In damina ta kankama, gonar wani dattijo ko majinyaci ta fi ƙarfinsa, sai a raba goro a kira gayya. Samari su jeru kowa da kunyarsa, makaɗi na binsu da gangar noma, wanda ya riga kai gefe ya juyo ya tari na baya. Kafin la'asar gona ta fita, an kuma san mai himma, an san mai haƙuri, masu gaba sun sha fura a ƙwarya ɗaya. Wannan gayyar ce muke so ma'aikata su farfaɗo da ita.

Me ya sa naƙasassu?

Na farko, suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 16 cikin 100 na duniya na da wata naƙasa. A nan arewa, shan inna ya bar mana matasa da magidanta masu jan jiki kafin a tabbatar da kawar da nau'insa na asali daga Afirka a 2020. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi wannan yanki, har da Wurma, sun fi tsananta ga wanda ba ya iya gudu da wanda ba ya jin kururuwa.

Na biyu, haƙƙinsu ne. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wa'adin ya cika. Kowa ya dubi ƙofar ma'aikatarsa ya ba kansa amsa.

Na uku, addini ya girmama su. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ya yi ladanci a masallacin Manzon Allah (SAW), an kuma sha bar masa riƙon Madina.

Yadda za a shirya

1. A fara da tambaya. Naƙasassu na da shugabanninsu tun zamanin da: Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare, ga kuma ƙungiyoyinsu na zamani. A sanar da mai gari, a je musu da sallama, a ce: "Me ya fi damunku?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila kun shirya buhun shinkafa, alhali abin da ke damun yarinya gurguwa shi ne matakalar aji da ƙofar makewayi.

2. A zaɓi aikin da za a gama a yini ɗaya. Misali, gina gangaren hawa keke a ƙofar makaranta ko asibiti. Ƙa'idarsa ita ce, kowane inci ɗaya na tudu a ba shi inci 12 na tsawo. Dakali mai tudun inci 6 ke nan yana buƙatar gangare mai ƙafa 6. In aka taƙaita, keke zai kife da mai shi. Faɗinsa kada ya gaza ƙafa 3, kada kuma a goge simintin ya yi santsi, a ja masa tsintsiya tun yana ɗanye. Kafin a zuba kankare, a sa mai keke ya duba awon da kansa, domin shi ne injiniyan wannan aiki.

3. A cakuɗa mutane. Shugaban sashe ya ɗauki kwanon sarki, akawu ya tura baro, birkila ya ba da umarni, mata su shiga awo da lissafi da fenti. Ranar ba "ranka ya daɗe" sai "miƙo shebur". Wanda ya taɓa karɓar kwanon yashi daga hannun direbansa ba zai sake kallonsa da raini ba.

4. A yi karo-karo a fili, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. In za a sayi kaya, a fara neman na hannun naƙasassu. A Kano akwai guragu masu walda da ke ƙera keken guragu da kansu.

5. A maimaita. 'Yan bautar ƙasa na da ranar aikin raya al'umma kowane mako, ana iya haɗa hannu da su. Ma'aikata kuwa ko sau ɗaya a wata uku ya wadatar, a sa ɗaya ta dace da 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya.

Ladubban da za a kiyaye

Kada ka ja sandar makaho. Yi masa sallama, faɗi sunanka, ka bar shi ya riƙe gwiwar hannunka, kana gaba kaɗan, kana faɗa masa in an zo rami ko tudu. Kada ka tura keken gurgu sai ka nemi izini. Kurma kuwa ka fuskance shi, ɗaga murya ba ya ƙara komai, gara ka koyi 'yar maganar hannu. Ka yi magana da mutum kai tsaye, ba da ɗan jagoransa ba. Kada a jera su ana ɗaukar hoto da leda a hannu, wannan gori ne, gori kuwa yana ɓata lada.

In an gama aiki, a yi wasa tare. Ƙwallon guragu, wadda Misbahu Lawan Didi na Kano ya ƙirƙiro a 1988, ta isa darasi: mai ƙafa ya zauna a kan katako mai taya ya gwada, zai san wane ne gwani.

Kira

Ya kai shugaban ma'aikata, ba sai ka jira takarda daga Katsina ba. A taron wata mai zuwa ka sa wannan batu a jadawali, ka naɗa mutum uku su je su yi tambaya, a tsayar da rana. Kuma in gurbin aiki ya samu, ka tuna da wanda ya duba muku awon gangare, domin hidimar da ta fi kowace ita ce ya zama abokin aikinku. Allah ya ba mu ikon aikatawa, amin.